Wa aka wulaƙanta? Jagora kan binciken kai a tafarkin Ramana Maharshi

A wani dare cikin watan Yuni na shekarar 1924, ɓarayi suka faɗa wa 'yan bukkokin da Ramana Maharshi, wani malamin addinin Hindu, yake zaune a ciki tare da almajiransa a gindin dutsen Arunacala, a garin Tiruwannamalai da ke kudancin Indiya. Ganin yadda baƙi ke zarya a wurin ya sa suka zaci akwai dukiya, amma ba su tarar da abin a zo a gani ba. Da mazauna bukkar suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai ɓarayin suka riƙa zabga musu sanda, shi ma malamin aka maka masa ita a cinya. Wani almajiri da ya ga cinyar ta kumbura ya rarumi ƙarfe, ya nemi izini ya koma ya rama. Ramana ya hana shi, ya tambaye shi ko mutum yakan kakkarye haƙoransa don sun ciji harshensa. Wannan misali ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, tun da mu ma mukan ce tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa. Abin lura shi ne, wanda cinyarsa ta kumbura hankalinsa a kwance yake, wanda ya tafasa kuwa shi ne almajirin, domin a wurinsa an ci mutuncin malaminsa, kuma ta nan an ci nasa.

An haifi Ramana a shekarar 1879 a Tiruculi da ke ƙasar Tamil, kuma sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Wenkataraman. Yana ɗan shekara 16, a gidan ɗan'uwan mahaifinsa da ke Madurai, sai tsoron mutuwa ya kama shi farat ɗaya alhali lafiyarsa ƙalau. Ya miƙe a ƙasa ya sandare kamar gawa, ya riƙe numfashi, ya tambayi kansa mene ne yake mutuwa, ya kuma fito da yaƙinin cewa jiki ne ake ƙonawa, kamar yadda Hindu ke yi wa gawa, amma sanin da ke cewa "ni" ba ya bin jikin. Bayan 'yan makonni ya bar gida, ya isa Tiruwannamalai ranar 1 ga Satumba 1896, bai kuma sake barin garin ba har ya mutu a watan Afrilu na 1950. A 1902 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Siwaprakasam Pillai ya yi masa tambayoyi, shi kuwa da yake a lokacin ba ya magana, sai ya riƙa rubuta amsa a ƙasa ko a allo. Waɗannan amsoshi ne aka tattara daga baya suka zama ɗan ƙaramin littafin Nan Yar, wato "Wane ne ni?" a harshen Tamil, kuma daga cikinsa ne mafi yawan matakan da ke tafe suka samo tushe.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa wannan hanya, wadda ake kira atma-wicara ko binciken kai, tana tsaye ne a kan aƙidar Adwaita Wedanta, wadda ke cewa ainihin ran mutum da Brahman, gaskiyar da ba ta da ta biyu, abu guda ne. Musulmi da Kirista ba su yarda da haka ba, kuma a cikin addinin Hindu ma mabiya wani malami mai suna Madhwa suna musanta shi. Zan bayyana matakan ne yadda masu abin suke bin su.

Wanda ake nema a kama

Kalmar da suke amfani da ita a harshen Sanskirit ita ce ahankara, wadda ma'anarta ta asali ita ce mai ƙera "ni". Ta fi girman kai faɗi nesa ba kusa ba. Mai fahariya da ke shiga taro yana jiran a miƙe masa yana da ita, haka kuma mutumin da ke raɓe a lungu yana cewa shi ba kowa ba ne, domin dukansu biyu hankalinsu yana kan wani "ni" da suke gadin matsayinsa. Littafin Bagawad Gita, ɗaya daga manyan littattafan addinin Hindu, a babi na 3 baiti na 27, ya bayyana wanda ahankara ta ruɗa da cewa shi ne mai ɗaukar kansa a matsayin mai aikata komai, alhali ɗabi'a ce ke tafiyar da ayyukan.

Ramana yakan kwatanta ta da ɗan gayyar soɗi a gidan biki. Baƙon yakan nuna wa dangin amarya cewa shi na ɓangaren ango ne, ya nuna wa dangin ango cewa shi babba ne a gidan amarya, ya ci ya sha a ɓangarorin biyu har ya fara ba da umarni, amma da zarar an soma tambayar ko ɗan wane ne, sai a neme shi a rasa. A bayanin malamin, jiki ba ya cewa "ni" domin ba shi da sani, shi kuma tsantsar sanin ba ya tashi ba ya faɗuwa, sai wani abu ya ɓullo a tsakaninsu yana aron siffa daga wannan yana aron haske daga wancan. Aikin mai bincike shi ne ya yi wa wannan baƙo tambayar da ba ya so.

A nan ne ciwon wulaƙanci yake da amfani. A ranakun da komai ke tafiya daidai, baƙon yana saje da jama'a, ba a iya nuna shi da yatsa. Ran da aka gwasale ka a gaban mutane kuwa, shi da kansa yake miƙewa tsaye yana kiran sunansa: ni za a yi wa haka? A ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da binciken, duk da cewa shi ne lokacin da mutum ya fi ƙin yinsa.

Shiri tun kafin ranar ta zo

Wanda bai saba da tambayar cikin kwanciyar hankali ba, ba zai tuna da ita ba idan zuciya ta hau. Saboda haka masu bin hanyar sukan ware wani lokaci kullum, galibi da sassafe, su zauna a wurin da ba hayaniya, bayansu a miƙe. Ramana bai ƙayyade wani salon zama ko adadin mintuna ba, amma ga mai farawa minti goma zuwa ashirin sun wadatar. Idan tunani ya yi yawa, ana fara sa ido a kan shiga da fitar numfashi ba tare da an matsa masa ba, har ya lafa. Malamin ya ɗauki wannan a matsayin linzami kawai, wanda ke tsayar da doki muddin ana riƙe da shi. Ya kuma fifita cin abinci mara nauyi daidai gwargwado a kan sauran ƙa'idojin horon kai.

Akwai wani nazari da ake so mutum ya riƙa yi da farkawarsa. A cikin barci mai nauyi wanda ba mafarki, babu muƙami, babu suna, babu wanda ya raina wani, amma mutum yakan tashi ya ce ya yi barci mai daɗi, wanda ke nuna yana nan a lokacin ko da ba "ni wane ɗan wane". Sai ka lura da yadda abubuwa ke dawowa a jere bayan ka buɗe ido: da farko sanin cewa kana nan, sannan sunanka, sannan aikin yau, sannan maganar da wane ya faɗa maka jiya. Wanda ya ga wannan jeri sau da yawa zai fara shakkar cewa shi da ɓacin ransa abu ɗaya ne.

Mataki na farko: kame baki da hannu

Idan maganar ta sauka, jiki ne yake fara sanarwa. Fuska takan ɗauki zafi, maƙogwaro ya bushe, ƙirji ya yi nauyi, amsa mai zafi ta taru a kan harshe. Kada ka furta ta, kada kuma ka rubuta ta a waya. Gita, a babi na 2 baiti na 62 da 63, ta jero yadda abin yake gangarawa: yawan tunanin abu yana haifar da maƙalewa gare shi, maƙalewa ta haifi so, so ya haifi fushi, fushi ya kawo ruɗewa, ruɗewa ta shafe abin da mutum ya sani, daga nan hankali ya gushe. Duk kalmar da ka mayar a wannan hali tana tura ka mataki ɗaya ƙasa a wannan gangare. Numfashi uku ko huɗu a hankali sun isa su ba ka sararin da kake bukata.

Mataki na biyu: raba abin da ya faru da labarin da zuciya ta saƙa

Na taɓa gabatar da takarda a wani taron ƙara wa juna sani, ina tsakiyar magana sai wani matashi da bai kai sa'an ƙanena ba ya ɗaga hannu ya ce shekarar da na ambata ba daidai ba ce, ya karanto ta daga wayarsa. Mutum huɗu ko biyar suka yi dariya, shugaban zama ya ce a ci gaba. Duka abin bai wuce daƙiƙa ashirin ba. A mota kan hanyar gida kuwa na riga na gama shari'a: yaron ya raina ni, turo shi aka yi, masu dariyar sun daɗe suna jiran wannan rana, kuma ba za a sake gayyata ta ba. Na kwana uku ina maimaita amsoshin da ya kamata in ba shi, kowace ta fi ta baya kaifi.

Abin da ake so a wannan mataki shi ne ka faɗa wa kanka abin da ya faru kamar yadda mai ba da shaida a kotu zai faɗe shi, ba tare da fassara ba. An ambaci shekara, an gyara ta, wasu sun yi dariya. Duk abin da ya rage bayan wannan, saƙar zuci ce, kuma idan ka duba za ka ga kowane zare nata a ɗaure yake da kalma ɗaya: ni aka raina, ni aka yi wa dariya, ni ba za a gayyata ba. Ramana ya koyar da cewa tunanin "ni" shi ne yake fara tashi, kuma "kai" da "shi" ba sa bayyana sai bayansa. Matashin da na kwana ina faɗa da shi a raina ba zai iya tsayawa ba sai da wani "ni" da yake fuskanta.

Mataki na uku: juya tambayar

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Hankalin wanda aka ɓata wa rai yana kallon waje ne, yana tambayar me ya sa ya yi mini haka, wa ya sa shi, me zan yi masa. Umarnin Nan Yar shi ne kada ka bi tunanin har ƙarshensa, ko da kana ganin saura kaɗan ka warware shi. Da ya taso, sai ka tambaya a zuci: ga wa wannan tunani ya zo? Amsar a fili take, gare ni. Sai ka bi ta da tambaya ta biyu: wane ne wannan "ni", daga ina ya taso?

Tambaya ta biyun ba ta neman amsar baki. Idan ka ce ni malami ne, ko ni rai ne, ko ma ka ɗauko maganar littafi ka ce ni Brahman ne, ka ƙara wani tunani ne a kan na farko, kuma baƙon bikin ya samu sabuwar riga. Haka nan ba a maimaita ta kamar wuridi ana ƙirgawa. Ana yin ta sau ɗaya da gaske, sannan a yi shiru a mai da hankali ga jin nan na "ina nan" wanda kowa yake da shi ba tare da an koya masa ba. Misalin da malamin ya bayar shi ne na kare da ke neman ubangidansa a cikin taro. Karen ba ruwansa da tufafi ko tsawo ko launin fata, ƙanshin kawai yake bi har ya kai. Ƙanshin a nan shi ne jin "ni", kuma a lokacin wulaƙanci yana da ƙarfi ƙwarai, har ba sai an wahala wajen nemansa ba.

Wasu sukan fara da tsohuwar hanyar korewa da ke cikin Upanishad, tsofaffin nassosin Hindu, wadda ake kira neti neti, ma'ana ba wannan ba, ba wannan ba. Zafin fuskar nan ina jin sa, saboda haka ni ne mai ji, shi kuma abin ji. Sunan da aka ambata a taron ina sane da shi, muƙamin ma haka. Wannan yana taimakawa wajen share fili, amma Ramana ya ja kunne cewa bayan an kore komai, mai korewar yana nan, kuma shi ake nema. Mutum zai iya shafe shekaru yana lissafa abubuwan da shi ba su ba ne, bai taɓa juyowa ya dubi mai lissafin ba.

Abin da yakan biyo baya ba wani abin al'ajabi ba ne a farko. Tunanin da ke ci maka rai yakan yanke, a samu ɗan shiru na daƙiƙa biyu ko uku, wanda a cikinsa kana farke sarai amma babu wanda ake ƙara kuma babu mai ƙara. Zafin jikin yana iya kasancewa, sai dai ya zama zafi kawai wanda ba a rataya masa labari ba. A baitocinsa masu suna Ulladu Narpadu, Ramana ya kira ahankara fatalwa marar siffa wadda ke rayuwa ta hanyar kama siffofi, tana sakin wannan tana kama wancan, idan kuma aka neme ta sai ta arce.

Mataki na huɗu: komawa, da sake komawa

Shirun ba ya daɗewa. Fuskar matashin za ta dawo, ko dariyar, ko wata tsohuwar magana ta shekara goma da ta samu ƙofa a buɗe. Waɗannan su ne wasana, wato ɗabi'un da suka yi saiwa saboda yawan maimaitawa. Ba a jin haushin dawowarsu, ba a kuma ƙirga su. Misalin da ke cikin Nan Yar shi ne na birni mai ganuwa da aka kewaye: muddin akwai mayaƙa a ciki za su ci gaba da fitowa, aikinka shi ne ka tare kowanne a bakin ƙofa da tambayar nan guda, har birnin ya zama kango. Ana yin haka a zaune da safe, ana kuma yi a tsaye a layin banki ko a cikin cunkoson motoci, domin malamin bai yarda cewa sai an bar aiki ko iyali ba.

Akwai tarko a nan da suke kira manolaya, wato lumshewar hankali na ɗan lokaci. Mutum yakan ji wani daɗi mai kama da gyangyaɗi, ya zaci ya isa. Ramana yakan ba da labarin wani mai zuhudu a bakin kogin Ganga wanda ya aiki almajirinsa ya ɗebo masa ruwa, kafin ya dawo sai ya nutse cikin irin wannan hali na shekaru masu yawa, da ya farfaɗo kuwa abin da ya fara cewa shi ne ina ruwan. Ƙullin da ka shiga da shi cikin irin wannan lumshewa, da shi za ka fito. Idan ka ji hankali yana dusashewa, sai ka farkar da shi da tambayar wa yake jin wannan daɗi.

Idan zafin ya fi ƙarfin tambayar

Wani lokaci raunin yana da zurfi, musamman idan daga na gida ya fito, tambayar kuma ta zama kamar ɗiga ruwa a kan garwashi. Al'adar Hindu tana da wasu magunguna na wannan hali. Patanjali, wani malaminsu na dā, a littafinsa na Yoga, ya ce idan mugun tunani ya dame ka sai ka raini kishiyarsa, saboda haka mai bincike yakan tuno wani alheri na wanda ya ɓata masa, ko ya yi masa fatan alheri ko da zuciya ba ta so. Ramana kansa ya ce hanyoyi biyu ne, ko ka binciki "ni" ko ka miƙa shi gaba ɗaya ga abin bautarka. Ramakrishna, wani malamin Hindu wanda ya zauna a Dakshineswar kusa da Kolkata ya kuma mutu a 1886, ya ce tun da "ni" ba ya tafiya da sauƙi, a bar shi ya zauna a matsayin bawa, ya kuma bambanta ɗanyen "ni" mai cewa gidana da darajata da nunanne mai cewa ni bawa ne. An ruwaito cewa shi da yake Brahmin, wato ɗan ajin malaman addini mafi daraja a wurin Hindu, ya riƙa zuwa da dare yana wanke makewayin wani mai shara don ya karya jiji da kai na asali.

Ɓarawo a rigar ɗan sanda

Haɗari mafi girma yana zuwa ne bayan an fara samun nasara. Ramana ya kwatanta hankalin da ke ƙoƙarin kashe kansa da ɓarawon da ya sa rigar ɗan sanda ya shiga sahun masu neman ɓarawo. Za ka kama kanka kana cewa, dubi yadda na danne zuciyata, da wani ne da ya yi faɗa, ko kana kallon wanda ya zage ka da tausayin da ke cike da raini. Labarin Wishwamitra a cikin Ramayana, tsohuwar doguwar waƙar Hindu, ya nuna nisan da wannan yake iya kaiwa. Sarki ne da malami Wasishta ya kunyata shi tare da rundunarsa a rikici kan wata saniya, sai ya bar mulki ya shiga horon kai mai tsanani don ya kamo shi a daraja. Ya tara ƙarfi ya zubar da shi cikin fushi ba sau ɗaya ba, kuma ko da alloli suka ba shi matsayin da yake nema, sai da ya bukaci Wasishta ya tabbatar da shi da bakinsa. Hindu suna girmama Wishwamitra a cikin manyan malamansu, amma ni abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne yadda tsohon rauni ya iya ɗaukar nauyin ibada mai tsawo haka. Maganin dai bai canja ba, sai a tambayi wane ne yake alfahari da tawali'unsa.

Haƙƙi da gyara

Binciken kai bai hana mutum kare haƙƙinsa ba. Ramakrishna yana da labarin macijin da wani mai zuhudu ya hana shi sara, yara suka gane ya daina cizo suka yi masa jina-jina, da malamin ya dawo ya ce masa ai sara na hana ka, ban hana ka huci ba. Idan an yi maka ƙazafi a wurin aiki ko an danne maka haƙƙi, za ka yi magana, ka kai ƙara inda ya dace, amma bayan zafin ya sauka, kuma a kan abin da ya faru kaɗai. Idan kuma wanda ya gyara maka yana da gaskiya, sai ka karɓi gyaran, domin yanzu an rage mai jin ciwon karɓarsa.

Masu bin tafarkin ba sa auna ci gaba da abin da suka gani ko suka ji a zaune. Suna duba tsawon lokacin da ƙulli yake ɗauka kafin ya warware, da kuma saurin da suke tuna tambayar bayan an taɓa su, ko bayan kwana uku ne, ko da yamma, ko tun maganar ba ta gama fita daga bakin mai ita ba. A nawa lamarin, da na duba bayan kwanaki ukun nan, matashin ne yake da gaskiya. Na gyara shekarar a takardar, na nemi lambarsa na tura masa saƙon godiya. Bayan kamar awa ɗaya na lura na ɗauki wayar sau biyar ina duba ko ya amsa, kuma abin da nake jira shi ne ya ce bai taɓa ganin babba mai sauƙin kai irina ba. Na ajiye wayar a kan tebur, na sake tambayar wa yake jiran wannan amsa.